Tun Ran Gini Ran Zane: Tarihin Adon Bakin Hanya Daga Birnin Zariya Zuwa Samaru

Gabatarwa

A wasu biranen Turai akwai al'adar jera ayyukan masu sassaƙa da masu ƙira a bakin hanya, a fili inda ruwa da rana za su same su, sa'an nan a shata wa mai yawo hanyar da zai bi da ƙafa ya gan su ɗaya bayan ɗaya. Birnin Munster na ƙasar Jamus ya fara irin wannan baje koli a 1977, kuma bayan kowace shekara goma ake sake shi. A nan gida Nijeriya ma akwai kurmin Oshun da ke Oshogbo, inda wata Baturiya mai suna Susanne Wenger ta haɗa kai da gwanayen Yarabawa suka cika bakin tafarkun kurmin da siffofi na siminti, har hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihi na duniya a 2005.

In an yi wannan zance a gaban ɗalibin Hausa, sau da yawa sai ya ce ai wannan ba namu ba ne, Bahaushe bai gaji sassaƙa siffa ba. Maƙasudin wannan ɗan rubutu shi ne a nuna cewa Zariya tana da irin wannan hanya, ko da yake ba wanda ya zauna ya shata ta da gangan. Duk wanda ya taso daga Daudawa ko Faskari ya biyo ta Funtuwa da Giwa da Shika, Samaru zai fara tararwa, daga nan Kwangila, Sabon Gari, Tudun Wada, Ƙofar Doka, sa'an nan fada. Mu kuwa za mu juya tafiyar, mu fara daga fada mu nufo Samaru, domin ta haka ne mai tafiya zai bi tarihi daki-daki, daga na da zuwa na yanzu. Tafiyar ta ɗara kilomita goma, shekarun da ke cikinta kuwa sun kusa ɗari biyu.

Kafin Zanen Bango

Ƙasar nan ba baƙuwar gina siffa ba ce. A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono siffofin yumɓu a ƙauyen Nok, wanda yau yake kudancin Jihar Kaduna. Bernard Fagg ne ya fara nazarinsu sosai tun daga shekarun 1940, kuma bincike ya nuna da yawansu sun haura shekara dubu biyu. An kuma tono masu kama da su a ƙasar Katsina da ta Sakkwato, amma akasarinsu ɓarayin kayan tarihi ne suka tone suka fitar waje, har ya kai a shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan Afirka da ta gargaɗi kowa kada ya saya. Ba mu da hujjar cewa masu ginin nan Hausawa ne, amma dai a ƙasar da muke takawa suka zauna.

Da Musulunci ya kafu, malamai suka yi hani ga yin siffar abu mai rai, musamman mai jiki wanda za a iya tsayarwa, don gudun komawa bautar gumaka. Tarihin Kano ya ba da labarin Tsumburbura da Barbushe a Dala, Zazzagawa kuma suna da labarun tsafin da ake yi a duwatsun Kufena. Saboda haka kalmar gunki ta zama abin ƙyama a bakin Bahaushe har gobe. To amma hannun gwani ba ya zama banza. Da aka rufe masa wannan ƙofa sai ya koma kan bango, da wuyan riga, da bayan ƙwarya, da sirdi, da zayyanar allo. A bango ne aikin ya fi kusa da sassaƙa, domin zanen magina na da yana da tudu da kwari, ana iya shafa shi da hannu, kuma inuwa tana faɗawa cikinsa da hantsi da la'asar.

Zango Na Farko: Fada Da Masallacin Juma'a

Bayan da Malam Musa ya ci Zariya a 1808, Sarki Makau ya fita ya yi kudu, sarauta ta koma hannun Fulani, ta riƙa zagayawa tsakanin gidajen Mallawa da Barebari da Katsinawa, daga baya da Sulluɓawa. A zamanin Sarki Abdulkarimu na gidan Katsinawa, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846, aka gina Masallacin Juma'a da ke kusa da fada. Wanda ya gina shi shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda wasu ke kira Malam Mika'ilu. Har yanzu akwai unguwa a birnin da ake kira da sunan sarautarsa.

Ya kamata mu tsaya a nan mu dubi yadda aikin yake, domin ba a gane darajar zane sai an san jikin da ya hau. Da tubali ake tayar da bango, wato curin ƙasa mai kama da ƙwai wanda ake mulmulawa da hannu a shanya, a jera shi gindi ƙasa kai sama, a bi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa mai ciyawa. Rufi kuwa da azara ake yinsa, wato tsagin giginya, saboda gara ba ta cinta da sauƙi. Aibin azara guda ne: in aka shimfiɗa ta da nisa ba ta ɗaukar nauyin ƙasa. Dabarar magina ita ce su dasa azara cikin bango, su ɗaura wata a bakinta ta ɗan zarce, su lulluɓe da ƙasa, in ta bushe su ƙara wata, daga wannan gefe da wancan, har su haɗu a sama. Wannan shi ne bakan gizo. In bakuna suka gicciye juna a tsakiya sai a sami ɗaurin guga, a kansa kuma tulluwa take zama. Da wannan dabara Babban Gwani ya rufe ɗaki mai faɗin da zai ɗauki sahu-sahun masallata, sa'an nan ya bi ginshiƙan da zane mai zurfi, na da'ira da kusurwa da layuka masu bin juna, babu siffar mai rai ko ɗaya.

Karin maganar nan da ke cewa tun ran gini ran zane, gaskiyar sana'a ce kafin ta zama wa'azi. Irin wannan zane da ɗanyar ƙasa ake yinsa, magini yana ɗora ta yana murzawa da yatsu. In bango ya bushe, lokaci ya wuce.

Sunan Babban Gwani ya kai nesa. Ana danganta masa gini a fadar Bauchi da kuma Gidan Madaki a Kafin Madaki. Akwai kuma labarin baka da ke cewa bayan ya gina wa Sarkin Birnin Gwari masallaci, sai aka kashe shi don kada ya je ya gina wa wani wanda ya fi shi. Ko labarin ya tabbata ko bai tabbata ba, yana nuna mana matsayin da gini yake da shi a idon sarakunan wancan zamani: abin gasa ne, kamar doki da alkyabba. A lokacin nan adon gini ya fi yawa a cikin soro, a fada da masallaci da gidajen manya. Talaka mai wucewa a waje abin da yake gani shi ne zankwaye a kan soro, da indararo, da bango mai shafen makuba.

Zango Na Biyu: Lungunan Birni Da Tudun Wada

Turawa suka shiga Zariya a 1902. A 1911 hanyar jirgin ƙasa ta ratsa ta zuwa Kano, kafin ƙarshen shekarun 1920 kuma aka ja reshe daga Zariya ta Funtuwa da Gusau har Ƙauran Namoda. Abin da Turawa suke nema a wannan yanki shi ne auduga da gyaɗa. Suka kafa injin gurzar auduga a Zariya da Funtuwa, suka buɗe gonar gwaji a Samaru a 1922, a tsakiyar shekarun 1920 kuma suka buɗe gonar irin auduga a Daudawa, inda ake yawaita irin da aka zaɓa kafin a raba wa manoma. Mai karatu zai ce me ya haɗa angurya da zanen bango? Kuɗi ne ya haɗa su. Cinikin auduga da gyaɗa da fatu ya tayar da sababbin masu hali waɗanda ba 'ya'yan sarauta ba ne: dillalai, 'yan kwangila, masu motocin haya, ma'aikatan En'e. Mutumin da ba shi da rawani, ba a yi masa tambari ko algaita, to ina zai nuna Allah ya buɗa masa? Sai a fuskar zaurensa.

Haka zane ya fito daga cikin soro ya hau bangon waje, inda kowa zai gani ba tare da ya yi sallama ba. Ya bunƙasa ƙwarai a tsakiyar ƙarni na 20, a cikin birni da kuma Tudun Wada, unguwar da ta tashi a bayan ganuwa don baƙi 'yan Arewa. A 1963 Anthony Kirk-Greene ya buga ɗan littafi a kan gidajen Zariya masu ado, abin da ke nuna cewa a lokacin yawansu ya isa ya ja hankalin baƙo.

Hanyoyin aikin iri uku ne. Akwai na ɗanyar ƙasa mai tudu, irin na da. Akwai wanda ya zo bayan shigowar siminti, inda ake shafe bango a yi sauri a kankare zanen da wuƙa ko ƙarfe kafin ya kama. Sa'an nan akwai na fenti, wanda ya fi sauƙi ya kuma fi saurin koɗewa, shi ne ya yi rinjaye daga baya, kamar yadda ake gani a ƙofar fada. Don kare aikin daga damina akan shafa makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko kuwa laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin majema da dafara. Dubi yadda bango guda ya tara sana'a uku: magini ba ya gama aikinsa sai marini da majemi sun ba shi abin da suka zubar.

Abin da aka zana shi ya fi ba da sha'awa ga mai nazarin tarihi. Dagi yana nan, wanda ya zo daga wuyan riga da aikin dukawa, wanda kuma gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauka ya zama tambarinta a zamanin Sardauna. Akwai takobi, akwai allo, akwai wata da tauraro. Amma a tsakiyarsu sai ka ga keke, ko mota, ko agogo, ko jirgin sama. Waɗannan su ne abubuwan da suka shigo suka canza rayuwa, mai gida kuma yana so a san ya mallake su ko ya hau su. Keken da aka gina da ƙasa a saman ƙofar zaure shaida ce ta tarihi daidai da takardar da Razdan ya rubuta, har ma ta fi ta wani abu, domin ita daga bakin mai gida ta fito. Kuma a lura, magini ya sami hanyar zana zamaninsa ba tare da ya taka hanin malamai ba, tun da keke ba shi da rai.

Ko baƙin da suka zo da wani addini sun ga ƙimar wannan gini. Da 'yan mishan na Likita Mila suka tashi daga birni suka koma Wusasa a 1929, cocin da suka gina a can da ƙasa da azara aka yi shi, bisa tsarin ginin Hausa.

Zango Na Uku: Samaru

In an haye Kubanni aka wuce Sabon Gari da Kwangila, sai a shiga wata duniya dabam. A 1955 aka ɗauko sashen koyar da zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Ibadan aka kawo shi Zariya. Malaman Turawa ne, kuma irin zanen makarantun Ingila suke koyarwa. A 1958 wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Simon Okeke. Ra'ayinsu shi ne ɗan Nijeriya ya koyi dabarar Bature amma ya koma gida ya ɗebo abin da zai faɗa. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo, Nwoko kuwa daga baya ya yi siffofin yumɓu bisa koyi da na Nok. Ƙungiyar ta watse a 1961, a 1962 kwalejin ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, amma tasirinsu ya bi dukan makarantun zane na ƙasar nan.

Abin lura shi ne kusan dukan waɗannan samari 'yan Kudu ne. Gidan da suka koma ɗebowa nasu ne, ba na Babban Gwani ba. Yaran Hausawa kuwa a lokacin kaɗan ne suka kai wannan mataki na boko, waɗanda suka kai ɗin ma aikin mulki da koyarwa aka fi tura su, ga kuma ƙyamar gunki da suka taso da ita. Sakamakon haka sana'o'i biyu suka zauna a gari ɗaya, kusan a lokaci ɗaya, kowace tana ado a fili, amma da wuya su gaisa.

A harabar sashen zane na Samaru akwai lambun da aka keɓe don ayyukan sassaƙa, inda ɗalibai suke barin abin da suka gina da siminti da ƙarfe: mutane, dabbobi, da siffofin da ba su kama da komai sai tunanin mai su. Shi ne wurin da ya fi kama da abin da muka ambata na Turai. Ɗalibi Bahaushe yakan wuce ta gefensa ya ce gumaka ne. A nan akwai aiki a gabanmu mu masu nazarin harshe, domin gunki abin bauta ne, mutum-mutumi kuwa asalinsa abin korar tsuntsu ne a gona, sassaƙa ta itace ce, ƙira ta ƙarfe, gini na ƙasa. Wadda za ta rungume su duka ba ta zauna ba tukuna. Hukuncin yin siffa na malaman addini ne, ba mu da ta cewa a ciki. Amma kiran kowane abu da sunansa na gaskiya, wannan namu ne.

Sau ɗaya dai hanyoyin biyu sun haɗu a fili. A tsakiyar shekarun 1970 wani Ba'amurke mai koyar da tsara gine-gine, Steven Ehrlich, ya tsara dandalin wasan kwaikwayo na jami'ar, aka gina shi da ƙasa bisa fasalin gidan Bahaushe, ɗakuna zagaye da tsakar gida. A cikin shekarun nan ne kuma Ben Ekanem ya gina siffar Sarauniya Amina bisa doki, wadda aka kafa a gaban babban gidan wasanni na ƙasa a Ikko, inda aka yi bikin FESTAC na 1977. Wato 'yar Zazzau sai da ta je bakin teku aka tsayar da ita a bakin hanya.

Abin Da Ya Rage

Ginin ƙasa kamar dabba yake, sai da kiwo. Kowace shekara kafin damina sai an bi shi da yaɓe, an gyara indararo, an toshe tsaga, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da kuɗin man fetur suka shigo a shekarun 1970, bulo da kwano suka zama alamar arziki, gidan ƙasa ya zama alamar rashi. Magada suka riƙa rushe zauren kakanni suna tayar da shaguna. Waɗanda suka so su kare nasu suka shafe shi da siminti, alhali siminti ba ya kama ƙasa da kyau, ruwa yakan shiga tsakaninsu ya ɓamɓare shi da zanen gaba ɗaya. 'Ya'yan magina kuma suka koma birkiloli.

Masallacin Babban Gwani kansa a shekarun 1970 aka lulluɓe shi da sabon gini na zamani, abin da ya rage na tsohon ya koma ciki. Wani masani ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya auna shi, aka kuma gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe na rufin masallacin ya rufta, mutane da dama suka rasu. Allah ya jiƙansu da rahama. Wannan musiba ta nuna cewa zancen kula da tsohon gini ya wuce zancen ado, har da rayukan bayin Allah a ciki.

Kada kuma a ce sana'ar ta ƙare ne don zamani ya wuce ta. A ƙauyen Yama da ke jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, wani magini mai suna Falke Barmu ya fara gina masallacin ƙasa a 1962, ya yi ta ƙawata shi, har ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A unguwar Birni ta Damagaram ma akwai gidaje masu zane da baƙi ke zuwa kallo. Tsohon garin Agadas kuwa ya shiga jerin UNESCO a 2013. Abin da ya yiwu a can ba zai gagara a nan ba.

Kammalawa

Mun ga yadda adon fili ya taso daga cikin masallaci da fada a ƙarni na 19, ya fito fuskar zaure da kuɗin auduga da gyaɗa, sa'an nan boko ya kawo wani iri dabam ya ajiye a Samaru. Kula da kayan tarihi aikin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ne, wadda aka kafa a 1979, da masarauta, da masu gidajen. Amma akwai rabon da ya faɗo kanmu, wanda ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Kowane zane yana da suna a bakin magina, kowane mataki na aiki yana da kalmarsa, kuma in tsohon magini ya kwanta dama da su yake tafiya. Ɗalibi mai neman abin da zai rubuta kundin digiri a kansa, ga shi nan a ƙofar gida. A ɗauki littafi da na'urar ɗaukar hoto, a nemi izinin masu gida, a bi lungu-lungu a rubuta wane ne ya gina, a zamanin wane sarki, me ake kiran wannan zane. Wanda ya tafi hutu Daudawa ko Ƙanƙara ko Sabuwa ya yi haka a garinsu, ya tambayi Sarkin Magina in akwai, domin ba Zariya kaɗai aka yi gwanaye ba. In an tara wannan, sai a zauna da 'yan'uwanmu na sashen zane da na tsara gine-gine a fitar da taswirar hanyar, daga ƙofar fada har Samaru, da bayani cikin Hausa, yadda ɗan makarantar firamare zai bi ta da malaminsa.

Muna roƙon malamanmu su duba wannan shawara, su gyara mana inda ta karkace. Allah ya sa mu dace, amin.